Layin da Paati Ta Rubuta

Ilamaran yana cikin rarraba dafaffen wake a ganyen ayaba ya tuna layin da bai rubuta ba, cokalin ya tsaya masa a hannu.

Kamfaninsu ƙarami ne, a saman wani shagon magani a birnin Coimbatore. Aikin da aka ba shi a makon nan shi ne shirin kwamfuta da zai aika wa abokan cinikin wani babban kantin zannuwan mata na sari gaisuwar biki ta waya. Shirin zai ɗauki sunan mutum, ya haɗa da sunan danginsa. To, galibin mutanen garin ba su da sunan dangi, gurbin fayau yake, abin da na'ura ke kira null. Shi kuwa bai sa a duba ba. Da yamma saƙon zai tashi da kansa, dubban mata su karanta "Barka da biki, Selvi null". Maigida Thangavelu ya riga ya gaya masa kuskure na gaba shi ne na ƙarshe.

Gyaran layi ɗaya ne. Sai dai yau ranar Ayudha Puja ce, bikin sa wa kayan aiki albarka. Duk kwamfutocin ofis suna jere kan tebur, an rataya musu furanni, kuma ma'aikaci ba ya taɓa kayan aikinsa sai gobe. Mai gadinsu ita ce Paati, mahaifiyar maigida, zaune a kujerar roba da kwanon kwaɓaɓɓen garin itacen sandal mai ƙamshi a cinya.

Ya raɗa wa Kayal, wadda teburinta ke kusa da nasa. Ta ci gaba da tauna wakenta, ta ce ai ba komai, kawunta yana neman mai jiran shagon taya.

"Akka, yayata, ki taimake ni mana."

"Ni ce zan ja da Paati? Bara direba ya taɓa makullin mota, har yau ba ta amsa gaisuwarsa."

Ilamaran ya fara gwada wa tsohuwar cewa zafin fitilar man da ke kan teburin zai kumbura batirin kwamfutarsa, gara ya ɗauke ta. Ta sa aka matsar da fitilar, ta jawo kujerarta kusa da teburin.

Ya koma gefe yana kallon yadda take ɗiga sandal a murfin kowace kwamfuta da yatsanta. Can ya je ya durƙusa a gabanta, ya marairaice. Ya ce tasa kwamfutar ba ta jin magana, kullum cikin jawo masa faɗa take, kuma yana zargin albarkar ba ta wuce murfi. Maɓallan da ke aikin ai suna ciki. Shi ba zai taɓa ba, amma ita da take sa albarka wa zai hana ta?

Paati ta dube shi ta saman tabarau. Ta ce tun da take zuwa ofishin nan ba ta ga yaro mai hankali irinsa ba.

Ta ɗaga murfin da kanta. Ilamaran ya sunkuya kamar mai girmamawa, kwamfutar ta gane fuskarsa, ta buɗe a daidai shafin da ya bari jiya. Ya haɗa hannuwansa a baya don kowa ya shaida.

"Wannan ne ya fi taurin kai, Paati. Ki danna shi sosai. Yauwa. Sai na ƙasa da shi, ɗan hagu."

Tana dangwalo sandal, tana dannawa, tana addu'a ƙasa-ƙasa. A kan allo harafi yana bin harafi: idan sunan dangi null ne, a sa sunan mutum kaɗai. Sau biyu yatsanta ya zame, ya ce maɓallin gogewa ma ya daɗe yana rashin lafiya. Kayal ta toshe baki da gefen mayafinta, ta fita baranda.

Saura kaɗan a gama, sai Ilamaran ya ji ƙamshin man gashin maigida a bayansa.

Thangavelu ya daɗe yana karanta allon. Ya dubi Ilamaran, ya dubi mahaifiyarsa da ke murmushi da yatsa a sama. In ya yi magana, ya gaya mata ke nan an sa ta aiki a ranar da ita kanta ta hana. Ya gyara murya, ya kira ta Amma, wato mama a harshensu.

"Amma, ga wani can a gefen dama, mai lanƙwasa. Shi ma yana jiran nasa."

Ta danna, layin ya rufe daidai. Ya nuna mata babban maɓallin, ta danna shi har sau uku don ya ji, gyaran ya tafi.

Abin ya yi wa Paati daɗi ƙwarai. Ta ce a buɗe mata sauran kwamfutocin duka, ba za ta bar maɓalli ko ɗaya ba. Ta fara da ta Kayal, sabuwa fil, ta kwaɓa sandal ɗin da kauri.

Thangavelu ya ɗebi wake, ya matso kusa da kunnen Ilamaran ba tare da ya kalle shi ba.

"Gobe ka zo da wuri, thambi ƙanena. Ka taho da tsumma da tsinken sakace."