Na Huda Jarkokin Zamzam

Gidan da muke haya a unguwar Tandabawi, nan garin Zamzam, tsakar gida ɗaya gare shi, ƙofofi da yawa. Ni da ɗana Bandar da matarsa Shaima muna ƙasa. Issoufou, mutumin Damagaram, da matarsa Wafa suna sama. Yara kuwa duk ƙofar da suka samu a buɗe shiga suke.

A gidan nan ba a yar da jarkar Zamzam. Idan ruwan ya ƙare sai a zuba mata wani abu. Haka muka taras. Kuma tun yaro bai iya magana ba ake koya masa cewa abin da ke cikinta albarka ne. Ka fuskanci alƙibla, ka yi bisimilla, ka sha, kada ka zubar.

Wafa tana aikin shara a Mina lokacin hajji. In an tashi takan dawo da ragowar maganin wanke masai, garau kamar ruwa. Ta ɗura a jarkokin Zamzam, ta raba wa matan gida, suna yi mata godiya.

Wata safiya ina zaune a ƙofar ɗakina. Jikata Rumasa'u, wadda bakinta bai gama buɗewa ba, ta jawo wata ƙaramar jarka daga ƙarƙashin matakala. Ta murɗe murfin. Ta juya ta dubi alƙibla kamar yadda na koya mata, ta ce, "Bimilla."

Kafin ta kai baki warin ya iso hancina. Ƙafata ba ta da sauri yanzu. Na wurga sandata ta buge jarkar. Ruwan ya zube mata a riga, nan take launin rigar ya fara koɗewa. Ta fashe da kuka.

Shaima ta fito a guje. Ta ce, "Baba, wallahi ɓoye ta na yi."

Ba na doguwar magana da suruka. Na ce, "Cire mata rigar. Ki yi ta kwara mata ruwa."

Na shiga ɗaki na ɗauko wuƙar da na yi fawa da ita. Na bi tsakar gida. Jarkar da ke da Zamzam na bar ta. Wadda ke da wani abu na juye a masai, na huda gindinta. Wadda ba komai a ciki, ita ma na huda.

Wafa ta leƙo daga sama. "Haram alaik, ya ammi! Ka ji tsoron Allah, baba! Jarkar Zamzam kake soka wa wuƙa?"

Na ce, "Ke maganin masai kika zuba mata."

"Ai kowa ya san abin da ke ciki."

"Rumasa'u ba ta sani ba. Sauko da na ɗakinki."

Ta ce ba za ta sauko da su ba, ta rufe taga. Ni kuwa ba na shiga ɗakin matar wani. Amma Rumasa'u kullum tana can, wurin jikansu Sa'ud.

Bandar ya dawo daga aiki ya tsuguna a gabana. Rabin maganarsa Larabci, kamar duk 'ya'yan nan. Ya ce, "Baba, halas, ya wuce, Allah ya tsare. Maƙwabta ne. Ka ba su haƙuri."

Na ce, "Jarkokin suna sama ko sun sauko?"

"Suna sama."

"To tashi ka ba ni wuri."

Bayan la'asar mazan layinmu sukan zauna a ƙofar gida su sha shayi. Na tarar Issoufou ya riga ya kai ƙarata, Sa'ud yana zaune a cinyarsa. Issoufou yana cewa tsufa ya taɓa ni, na wulaƙanta Zamzam a garin Zamzam. Wani ya ce yaro in ajalinsa bai yi ba ko guba ya sha zai tashi.

Ban zauna ba. Na ajiye jarka biyu a tsakiyar tabarma, iri ɗaya, ruwansu iri ɗaya. Ɗaya Zamzam ce. Ɗayar mai maganin masai ce, na rage ta ne daga na safe.

Na ce, "Issoufou, jikanka yana jin ƙishi. Ba shi ɗaya."

Ya yi dariya. Ya miƙa hannu zai kai hanci.

Na dafe murfin da sanda. "A'a. Yaro ba ya shinshinawa."

Wani dattijo ya ce, "Malam Issoufou, kai da kake gane Zamzam da ido, bisimilla mana."

Aka yi dariya kaɗan. Sa'ud ya zamo daga cinyarsa ya rungumi ta hagu. Issoufou ya fizge shi da ƙarfi har yaron ya yi ƙara. Kofin shayi ya kife. Ba wanda ya sake dariya.

Mai maganar ajali ya ce, "To wacce ce Zamzam ɗin, Mukhtaru?"

Na ce, "Ni ma sai na shinshina."

Issoufou ya tashi da yaron a kafaɗa ya shige gida. Muka ji muryar Wafa tana tashi a sama, tasa tana ƙasa-ƙasa. An ɗan jima. Sai ga shi ya sauko, jarkoki a hannu biyu, wata a hammata. Ya zube su a gabana, bai dube ni ba.

Na ce, "Su ke nan?"

"Su ke nan. Sauran maganin zan nema mata baƙin galan na man mota, in rataye shi a sama. Amma ta ce haƙuri sai ka ba ta."

Bandar ya taɓa hannun rigata. "Baba."

Na ce, "Ba zan bayar ba. Miƙo min waccan."

Ya miƙo. Na juya gindinta sama na soka.