Goge Bayan La'asar

Tun kafin Mutawakil ya ɗora baka a kan izgar goge, Barikisu ta ga hannunsa yana rawa. Tana layin mata, ƙarƙashin rumfar da aka kafa a harabar wata firamare a zangon Yendi, amma zaman ya gagare ta. Ta gyara mayafi, ta miƙe, ta koma ta zauna.

Ƙungiyar Mawaƙan Zango tana da al'adarta: mawaƙi ba ya buɗe baki sai goge ya ba shi kari. Mai goge ya share hanya, waƙa ta bi, jama'a su amsa. Mijinta, marigayi Sulley, shi ya riƙe wannan aiki har Allah ya karɓi abinsa. Ya bar wa ɗansu Mutawakil goge da hannu mai daɗi, sai dai goge ba ya cika tukunya. Yaron ya shiga haya da babur, abokan tasha suka koya masa jar ƙwayar nan, tiramol, wai tana hana gajiya. Ta hana shi gajiya kuwa, uwarsa kuma ta hana ta barci.

Da abin ya ishi Barikisu, ta kai shi Salaga wurin yayanta, ya yi damina guda yana noman doya nesa da tasha. Ya sha amai da kuka, amma ya dawo da kumatu, idonsa fari tas. Hannun ne kawai bai gama komawa daidai ba.

Ta faɗa wa shugaban ƙungiya haka ranar da ya same ta a rumfarta ta wake da shinkafa.

"Alhaji, a bar shi sai wani taron. Ciwon bai gama warkewa ba."

"Mma Barikisu, baƙi na zuwa daga Bawku da Salaga," in ji Alhaji Tajudeen. "Taron yaƙi da ƙwaya ne fa. Wa ya kai ɗanki dacewa? Ke ma ki shirya waƙa."

Ƙungiyar ce ta yi wa Sulley sutura. Da wane baki za ta ce a'a?

Yanzu ga shi an kira baƙo na farko, wani malamin makaranta daga Bawku mai suna Nazif. Mutawakil ya ja baka, gogen ya yi ƙara kamar ƙofar langa-langa. Ya goga wa bakan ƙaro, ya sake ja, abin ya ƙara lalacewa. Nazif ya buɗe baki ya rufe. Samarin da ke kan babura a bakin katanga suka fashe da dariya. Alhaji ya karɓi lasifika, gumi na bin wuyansa, ya ce a tashi a yi la'asar, alhali ladan bai kira ba.

* * *

Barikisu ta sami ɗanta a bayan aji, ya cusa hannuwansa tsakanin cinyoyi.

"Mma, hannun ya ƙi."

"Tashi mu tafi gida. Goge ba farilla ba ne."

Har ya yunƙura, sai ga Alhaji da sakataren ƙungiya, Zakaria.

"Mma, je ki yi salla," in ji Zakaria. "Mu maza za mu ba shi magana. Tsoron mutane ne kawai."

Ta dubi ɗanta, shi kuma yana duban ƙasa. Ta tafi, amma zuciyarta ta tsaya a bayan ajin. A cikin sallar ma ta rasa raka'ar da take.

* * *

Da aka dawo, Mutawakil ya ja baka sau ɗaya, wurin ya yi tsit. Gogen ya yi kuka irin na Sulley, har wata tsohuwa ta kama sunan marigayin tana share hawaye. Nazif ya hau kan karin ya zuba baitoci, yana tsine wa masu sayar wa yara guba. Mutane suka taso suna yi wa mai goge liƙi a goshi.

Barikisu ba gogen take saurara ba. Tana kallon yadda ɗanta yake lasar leɓe, yana sosa wuya da kafaɗa, idanunsa sun yi ƙyalli ba sa ganin kowa. Ta san wannan fuskar fiye da yadda ta san tafin hannunta.

"Yanzu sai uwar gwarzonmu," in ji Alhaji a lasifika. "Mma Barikisu, bisimilla."

Ƙafafunta suka kai ta gaba. Ɗanta ya ba ta kari, mai laushi, daidai da muryarta. Waƙar da ta yi makonni tana shiryawa a bakin murhu ta fito da kanta:

"Jar ƙwaya, kin cinye 'ya'yan mutane,
Nawa ya kuɓuce miki, ya dawo gida."

"Ya dawo gida," jama'a suka amsa, har da tafi.

Ta kai ƙarshe muryarta na karkarwa. Mata suka ce daɗi ne ya yi mata yawa.

* * *

Bisa al'ada, iyalin mai goge ne ke tsince liƙi. Tana durƙushe tana tattarawa ta ɗaga gefen tabarmar da ya zauna, ta ga 'yar takardar magani mai ƙyalli, an ɓare gurbi biyu.

Zakaria ya tsaya a kanta, ya rage murya.

"Na yau kawai ne, Mma. Kin ga baƙi. Da mun ji kunya."

Ta ci gaba da tsince kuɗin. Alhaji ya wuce yana rakiyar mutanen Bawku, ya waiwayo da fara'a.

"Ɗanki ya fitar da mu yau. Sun ce lallai mu kawo shi taronsu wata mai zuwa."

Ta nemi Mutawakil, aka nuna mata hanya. Ya hau bayan babur ɗin ɗaya daga cikin samarin da suka yi masa dariya ɗazu, sun nufi tasha. Gogen ya bari a kan tabarma.

Ta ɗauka ta naɗe shi a mayafinta, ta kama hanyar gida. Wasu 'yan mata da suka taso daga taron suna tafe a gabanta, suna tafa hannu suna rera amshin waƙarta.