Ranar da Na Yaye Kwanon Gidana

Ni Labbo mai goro, agana ta kama ni ina shekara tara, ta gaji ta sake ni. Nasara ya ɗebe mu aikin tilas a hanyar jirgin ƙasa, na dawo da ƙafafuna. Kamiyo, babbar motar kaya, ya kife da mu a hanyar Kolokonde, mutum shida aka ɗauka a makara, ni kuwa na tashi na karkaɗe riga na tsince gorona. Duk waɗannan ba su girgiza ni ba. Abin da ya so ya kai ni ƙasa takarda ce guda ɗaya, wadda faɗinta bai wuce tafin hannuna biyu ba.

Shekara biyu bayan an sauke tutar Faransa na sayi gida a Lajifarani, nan Paraku, hannun Malam Abdulbaƙi, wani dattijo da tsufa ya kama, yana so ya koma cikin danginsa a Jugu. Ciniki muka yi irin na mutane. Liman na zaune, mai unguwa na zaune, shaidu huɗu, na biya a gabansu, aka raba goro, aka shafa fatiha. Ɗakin ƙasa uku ne da rufin ciyawa, akuya ma sai ta yi shawara kafin ta kwana ciki. Ni na mai da shi gida. Na ƙara ɗaki huɗu, na yi daɓen siminti, na buga kwano, na sa ƙofofin maɗaci, na haƙa rijiya gaba tara wadda duk layinmu ke sha. 'Ya'yana biyar a nan aka yanke musu cibi.

Shekara takwas ina ciki, Allah ya yi wa Abdulbaƙi rasuwa. Na je Jugu gaisuwa har da sadakata. Ba a yi wata uku ba sai ga ɗansa Awalu, akawu a Kwatano, ya yi sallama a ƙofata da wando matsattse da jaka a hammata. Na shimfiɗa masa tabarma, matata Zuwaira ta kawo ruwa. Bai sha ba. Ya zaro takarda, ya ce cikin akwatin mahaifinsa ya same ta, sunanta permi, ita ce izinin zama a wannan fili, kuma sunan ubansa ne a kai. Ya ce ya riga ya yi cinikin gidan da Dogo mai kamiyo, saboda haka in nemi wurin komawa kafin ƙarshen wata.

Dogo! Mutumin da ke zama a zaurena yana cin tuwona yana yaba tsayin kwanona. Ashe awo yake yi.

Na ce wa Awalu, "Ɗana, ranar da na sayi gidan nan kana tsaye bakin ƙofar can, kai aka ba goro ka kai wa uwarka." Ya ce, "Baba Labbo, goro ba takarda ba ne." A gidana, a kan tabarmata.

Washegari na kwashi liman da shaidu biyun da suka rage da rai muka tafi biro, wato ofishin filaye. Tun hantsi muke kan benci har aka yi azahar. Liman, mutumin da gari ke bi salla, wani ɗan magatakarda mai tabarau ya bar shi tsaye kamar mai neman aikin dako. Da ya ga dama ya saurare mu, sai ya ce shaidunmu bai ƙaryata su ba, amma filin birni na gwamnati ne. Abdulbaƙi izinin zama kawai aka ba shi, ba shi da ikon sayar da ƙasa. Abin da na saya gini ne. Da mun zo tun ranar ciniki, mai gida ya dangwala yatsa, da an juya permi zuwa sunana. Yanzu kuwa sai magada duka sun sa hannu.

Na tambaye shi wa ya gaya mana haka a lokacin. Ya ce an manna sanarwa a bangon biro. Da Faransanci, a bangon da ban taɓa zuwa ba, ga mutanen da ba su san ko baƙi ɗaya na boko ba. Kakannina sun sayar da gidaje daga Salaga har Kano da baki da shaidu, ba a taɓa jin wanda ya sayi bango ya bar ƙasar da bangon ke tsaye a kai ba.

Raina ya ɓaci, amma ni ba na fushi da kunne a toshe. Na ce ya sake faɗa mini, ginin nawa ne? Ya ce naka ne, tsoho. Na ce to me ya sa gwamnati ke ba mutum izinin? Ya ce don ya gina ya zauna, filin da aka bari fayau ana karɓe shi a ba wani. Na sa ya maimaita a gaban liman. Ya maimaita yana duban agogo.

Na hau mota zuwa Jugu wurin Salamatu, matar marigayin. Na same ta tana feren doya a tsakar gida. Da na gaya mata abin da ɗanta ya yi, ta aje wuƙar. Ta ce Malam bai ɓoye takardar nan don cuta ba, shi a zatonsa rasiɗin haraji ne, tare da sauran rasiɗai ya ƙulle su a tsumma. Ta ce ta aika wa Awalu sau biyu ya bar maganar, ya ce ita ba ta san doka ba. Ta kira 'yarta Habiba, muka je gaban mai unguwarsu, aka rubuta cewa sun yarda an sayar mini, suka dangwala yatsu, aka manna tambur, kan sarkin gwamnati. Saura hannu ɗaya.

Na dawo na aika wa Awalu, ya ce wa manzon ƙarshen wata saura kwana shida.

Ran Asabar da sassafe na kira Usuman kafinta da mutanensa. Na ce wa Zuwaira a fitar da kaya gindin mangwaro. Ta ce, "Malam, lafiyarka kuwa? Damina saura wata guda." Na ce ta fitar. Ni da kaina na fara hawa tsani, da furfurata, na zare ƙusa ta farko. Kafin rana ta yi zafi ɗaki uku sun zama ba rufi, kwano na jibge a ƙofar gida, an ciro ƙofofi biyu an jingine. Lajifarani kaf ta fito kallo. Matan layi suka fara kuka da suka ji na ce rijiya ma ni na haƙa ta, ƙasarta zan mayar mata in cike.

Dogo ya iso da gudu, hula a hannu, Awalu na biye da shi da jandarma guda. Awalu na ta zuba Faransanci yana nuna ni. Jandarman ya ɗaga kai ya tambaye ni da yaren Dendi me nake yi. Daga saman katanga na ce kayana nake kwashewa, biro ya ce gini nawa ne, ƙasa ta gwamnati, ga liman nan ya ji da kunnensa. Na ce ko tsakuwa ɗaya ta gwamnati ba zan taɓa ba, amma tubali ɗaya nawa ba zan bari ba. Liman ya tabbatar. Jandarman ya karɓi permin ya duba, ya mayar wa Awalu, ya koma inuwa ya tsaya.

Dogo ya juya wajen Awalu ya ce, "Ni gida mai kwano da rijiya na yi ciniki, ba kango ba. Na fasa."

Na sauko a hankali, na tsaya gaban yaron. Na ce, "Kai ne mai ilmi, Awalu. Karanta mana abin da takardarka ta ce a kan filin da ba gini." Bai karanta ba. Ya fi ni sanin abin da ke ciki. Na zaro takardar Jugu na nuna masa yatsan uwarsa da na ƙanwarsa, ya daɗe yana kallo. Usuman daga sama ya ce, "Baba, mu ci gaba?" Na ce a tambayi akawu.

Ran Litinin Awalu ya sa hannu a biro, gaban mai tabarau ɗin nan. Wata bakwai ina sintiri kafin permi ya fito da sunana, kuma sai da na sayi tambur kala uku don a ba ni gidan da na riga na saya.

Kwanon mun mayar, amma ƙusa ba ta koma raminta na farko ba. Har yau in ruwa ya sauko ɗakin Zuwaira na yoyo wuri huɗu, ta jera kwanoni tana yi mini mita, wai da na bari ɗakina aka fara yayewa. Dogo ya sake yin sallama a zaurena sau ɗaya, na sa aka ce masa tuwo ya ƙare.

Takardar tana cikin gafakata. An karanta mini ita, sunana na nan daidai, Labbo. Amma a ƙasan sunan har yanzu cewa take filin na gwamnati ne, ni izinin zama aka ba ni. Gaba tara na shiga cikin ƙasar nan da dagi, ban ga gwamnati a ciki ba.