Ranar da Aka Karɓi Notis ɗin Baba

A gidan biredin nan na bayan tasha, abu biyu ne ba sa fashi: hayaƙin bututu da notis ɗin Baba. Shi ne mai tanderu tun gidan yana rumfar kwano. Da bayan hannu yake gane ko wuta ta yi, kuma duk duniya ba wanda ya kai shi ajiye aiki ba tare da ya taɓa barinsa ba. A canza fulawa ba a gaya masa ba, notis. Direba ya shigo bai gaishe shi ba, notis. Akwai shekarar da ya bayar don an matsar da bencinsa daga inuwa. A bayan idonsa Baba Notis ake ce masa, a gaban idonsa kuwa Baba kawai, don mutane na son zaman lafiya.

Kada ka ɗauka hauka ne, abin yana da tsari. Zai tuɓe farar rigar aiki ya rataye a ƙusar bakin ƙofa, ya ɗaga murya yadda masu kwaɓi za su ji: "Na ba ku notis na sati biyu. Ku nemi wani!" Sannan ya ɗauki rigarsa ya mayar, don biredi ba ya jiran mai fushi. Kwanakin nan da hanci zai riƙa amsa gaisuwa. Ranar ƙarshe Maigida, mai gidan biredin, zai jawo kujerar roba ya zauna a bakin tanderu, gumi na bin gemunsa, ya kama wuyan hannun Baba. Roƙon farko Baba ya kau da kai. Na biyu ya ce, "Ni fa na gama magana." Na uku ya yi dogon numfashi ya ce, "Don kai ne." Shi ke nan, sai kuma na gaba. Ba a ƙara masa komai, shi ma bai nema ba. Roƙon nan shi ne abin da yake ci ya ƙoshi.

Ana nan sai gwiwoyi suka zaunar da Maigida a gida, 'yarsa ta karɓi ragama. Yarinyar da Baba ya sha ɗorawa a wuya, wadda ke satar ɓawon biredi mai zafi ta ƙone yatsa, yau ita ce Manaja, da tabarau da kwamfuta. Ba ta rufa wata ba ta sa aka liƙa wa ƙofar tanderu wata na'ura mai allura, wai ita ce za ta riƙa faɗin zafin wuta.

Baba ya dubi na'urar, ya dubi bayan hannunsa. Ya nufi ƙusa.

Manaja ta fito daga ofis ta saurare shi har ya dire. "Baba, da gaske kake?"

"Na taɓa yi miki wasa?"

"To, Allah ya sa haka shi ya fi alheri. Na karɓa."

Na karɓa. Tun da aka gina tanderun nan ba a taɓa jin wannan kalma a wurin ba. Injin kwaɓi ma kamar ya rage ƙara. Baba ya mayar da rigarsa yana murmushin manya. Yarinya ce, ba ta san yadda ake yi ba. Ubanta zai karanta mata.

Washegari ta turo masa Dogo, wani magidanci da ya tsufa a kan injin kwaɓi yana hangen tanderu kamar kare da mahauta. Ta ce a nuna masa aiki. Baba ya nuna masa da zuciya ɗaya, har da ƙari, don ya san ranar da Dogo ya fitar da gawayi a madadin biredi, da gudu za a zo. Dogo ya dubi allura, ya zura tire, ya dubi allura, ya zaro. Biredi ya fito ja-ja-wur, ga laushi, ga ƙanshi, ba kunya ba tsoron Allah. Baba ya gutsura ya tauna yana neman aibi.

"Ba laifi," ya ce. "Ga wanda yunwa ta kama."

Masu shago suka kwashe tas. Ko mutum ɗaya bai tambayi wa ya gasa ba. Ashe duk shekarun nan mutanen banza yake ciyarwa.

Da sati ya juya bai ga alamar kujera ba, sai ya leƙa ofis, wai ya zo tambayar itace. Ya yi kewaye-kewaye ya ce, "Ita maganar notis ɗin nan, ai tawa ce. Ni na bayar. Kuma mai abu shi ke da iko da abinsa."

Manaja ta cire tabarau. "Ai Baba, tun da ka furta ya bar hannunka. Ka san Turawan da muka aro abin a wurinsu, in za su rubuta notis na sati biyu, sai su rataya wani ɗan waƙafi a saman wutsiyar kalmar. Wato notis ɗin na satuttukan ne, su ke da shi. Haka hutun wata uku, haka aikin shekara goma. Lokacin ne mai abu."

"Ikon Allah," in ji Baba. "Ashe su sati har dukiya gare su. To in kin gan su ki gaishe su."

Ya fito yana cewa a ransa wannan karatu ba inda zai kai mutum sai rashin kunya.

Ranar ƙarshe, bayan an sauke gashin rana, ya hango Dogo ya shigo da kujerar roba. Zuciyarsa ta yi sanyi. Ya gyara tsayuwa, ya shirya wuyan da zai kau. Sai ga wata kujerar. Sai ga wata. Kafin ka ce me, an jera su reras, an kawo lemo a bokitin ƙanƙara. Bikin sallama ne. Direban nan da ba ya gaisuwa ya tashi ya yi jawabi har da share ido. Dogo ya ce Baba uba ne a gare shi, alhali tare suka yi furfura. Manaja ta miƙa masa agogon bango a kwali, aka yi tafi, aka ɗauki hoto. Agogo, ga mutumin da daga yau ba shi da inda zai makara.

Zaman gida kuwa sai wanda ya gwada. Asubar fari idonsa ke buɗewa, ya zauna yana kallon agogon yana kallonsa. Ya shiga gyara wa matarsa yadda ake hura gawayi, matar da ta aurar da 'ya'ya a kan murhun nan.

"Malam," ta ce, "ni ma ana ba da irin notis ɗin nan a gidan aure? In ana bayarwa, rubuta mini."

Ya saka takalmi ya tafi gidan Maigida. Ya tarar da shi a barandar gida, ƙafafu a kan matashi, yana shan iska kamar bai san an yi ɓarna ba.

"Ka ga abin da 'yarka ta yi mini?"

"Na ga hoto. Ka yi kyau."

"Ba ka gaya mata yadda muke yi ba?"

Maigida ya yi dariya har da tari. "Gaya mata? Tun tana firamare take ganin ubanta na jan kujera zuwa bakin wuta. Har ta taɓa tambayata, Abba, wai kai ne mai gidan ko Baba? Kai dai sabo ya yi maka turke. Dubi gwiwoyin nan, rabin ciwonsu kai ne. Ni na yi nawa durƙuson. Kujera na nan bayan ƙofa, in kana so ka ara."

"Ni? In roƙi yarinyar da na goya?"

"Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ko ka koma ka ci gaba da koya wa matarka hura wuta."

Haka aka ga Baba da hantsi yana ratsa tasha, kujerar roba a ka. Ya ajiye ta a ofis ya zauna, ya yi gyaran murya ya ce ya lura biredin kwanan nan yana ɗan... Manaja ta ɗaga gira. Ya haɗiye sauran.

"'Yata, ina son in dawo."

Ta kau da kai wajen taga.

Baba ya san wannan kau da kan, shi ya ƙirƙiro shi. Ya daure ya ce, "Don girman Allah. Ban da gidan nan ba ni da wani."

"Ni fa na gama magana, Baba."

Sai ya miƙa hannu, hannun nan mai tabon wuta, ya dafa gefen teburinta. Ya ce, "In na zauna a gida, mutuwa zan yi. Ki yi haƙuri."

Ta daɗe tana kallon hannun. Sannan ta yi dogon numfashi, irin nasa sak.

"Don kai ne."

Amma fa, in ji ta, tanderun safe ya zama na Dogo, ba a ƙwace wa mutum abin da aka ba shi a gaban jama'a. Baba zai riƙe gashin rana, gwajin wata uku, kuma da allura za a yi aiki. Ya ce ai dama shi da allurar ba su da wata matsala.

Ba a jima ba Dogo ya leƙo wata rana ya ce, "Baba, a ɗan riƙa duba allura, jiya gindin biredin ya so ya yi duhu." Dogo! Jinin Baba ya hau. Kafin ya ankara ya tuɓe riga ya isa bakin ƙofa, hannu a sama. Ba ƙusa. An zare ta, an toshe ramin, har an shafa fenti.

Masu kwaɓi suka tsaya. Manaja ta leƙo ta taga, tabarau a hannu.

"Lafiya, Baba?"

Ya dubi bango, ya dubi rigar. Ya shiga fifita da ita.

"Zafi," ya ce. "Garin nan akwai zafi."