Totuwa a Kwatar Gareji

Baƙin man da ke fita daga garejin Baba Segun a Funtuwa ba ya tsayawa ko'ina sai lambun Malam Jibo. Tumatir ya yi yaushi, albasa ta ƙi yin kai. Mai unguwa ya yanke magana: in ruwan kwatar bai gyaru ba kafin dashen rani, za a rufe garejin, kowa ya san inda dare ya yi masa.

Kayode, ɗan Baba Segun, haifaffen garin ne, ya karanta kimiyya a Zariya. Ya ce akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, mai ne abincinsu, sai dai ruwa na tafiya da su in ba su sami wurin maƙalewa ba. Ya ɗebo ƙasar gindin tsohuwar durom ɗin mai inda ƙwayoyin suke zaune, ya dama da ruwa, ya jiƙa totuwar masara a ciki, makonni yana jira har ta yi yauƙi. Sannan ya cika kwanduna ya jera a kwatar. Makanikai suka sa masa suna Makiyayin Aljanu.

Ruwa ya fara washewa. Sai totuwa ta fara raguwa.

Ya zargi awaki, ya yi shingen ƙaya. Ya zargi garejin tsallaken titi, har aka yi cacar baki. Kullum kwanduna na ramewa, maiƙo na dawowa kan ruwa. Takaici ya hana shi cin abinci.

Wata safiya ya je sayen ƙosai wajen Hansai, matar Malam Jibo, sai hayaƙin murhu ya buge shi da warin baƙin mai. Ga totuwarsa nan an shanya a kan buhu, tuli guda.

"Inna, daga ina wannan?"

"Daga kwatarku mana, Allah ya yi maka albarka. Tun da kananzir ya ɓace, da ita duk unguwa ke hura wuta. Ashana ɗaya, ta kama."

"Da rai a jikinta, Inna. Ita ke cinye man da ke kashe muku lambu."

Hansai ta ɗauki ɗaya, ta juya ta, ba ta ga komai ba. Ta jefa a murhu.

"To ai rage maka man muke yi, ɗana."

Kayode ya tsaya yana kallon wutar. Dashen rani jibi ne.