Igiyar Bakin Kasuwa

Shekarar da Amurka ta ɗora wa kayan ƙasashe haraji, babu wanda ya bi labarin a ƙauyensu kamar Mujitaba. Ya gama karatun tattalin arziki a Kano, ya dawo gida ƙasar Bebeji yana jiran aiki. Da la'asar idan an taru a gindin ɗorawa, shi ke warware wa mutane inda aka kwana: Birtaniya ta yi saurin sasantawa, Tarayyar Turai ta ja ta ja sannan ta sa hannu, Sin kuwa ta rama, ta daina sayen waken suyan manoman Amurka. A cikin ukun nan Sin ce ta kwanta masa a rai. Yakan ce wanda ya iya ramawa shi ake jin maganarsa a wajen ciniki.

Daga nan ya fara duba na gida. Mutanen Sabuwar Unguwa, waɗanda ruwan Tiga ya cinye garin iyayensu aka dawo da su nan kusa, su ke kawo kifi kasuwar ƙauyen. A taron matasa Mujitaba ya miƙe ya ce ana cutar su: masunta na sayar da kifi yadda suka ga dama, su kwashi masara da araha. Ya kawo shawara a ɗaura igiya a bakin kasuwa, duk mazubin kifin da zai wuce a cire guda ɗaya, a tara a gyara rijiyar burtsatse. Wani ya tambaya, to kifin kyauta fa? Ya ce babu togaciya, ya karanta cewa ta nan yarjejeniyoyi ke lalacewa. Aka yi masa tafi, aka ba Tasi'u mai faci riƙon igiya.

Abin da bai tuna ba shi ne hanyar gidansu ta cikin kasuwar take. Kuma kowace ranar kasuwa Hasiya, aminiyar mahaifiyarsa tun suna 'yan mata, tana tahowa daga Sabuwar Unguwa da wani tsohon kwanon sha mai murfi, a ciki da bandar tarwaɗa guda ɗaya, zaɓaɓɓiya. Inna ta juye, ta cika kwanon da garin masara ta mayar. Tun kafin a haife shi kwanon nan ke kai da kawo, bai taɓa tafiya wayam ba. Hasiya ce kuma ta haifi Khairiyya, wadda Mujitaba ke rasa kalmomi idan ta ɗago ido, wadda baffanninsa ke shirin zuwa gaisuwa gidansu bayan kaka.

Yana tsaye cikin matasa a bakin igiya lokacin da ya hango Hasiya tafe da kwanon. Tasi'u ya rusuna ya gaishe ta, ya yi mata bayani yana inda-inda, sannan ya waiwayo ya dubi Mujitaba. Kowa ma shi yake duba. Kalma ɗaya ta isa a ɗage mata igiyar, amma waɗanda suka tafa masa suna nan kewaye da shi. Sai ya sunkuyar da kai yana shafa waya.

"Mujitaba, ashe kana nan," in ji Hasiya.

"Ina nan, Iya. Ina kwana?"

Ba ta jira an taɓa mata kwano ba. Ta buɗe da kanta, ta ɗauki tarwaɗar ta miƙa wa Tasi'u, ta mayar da murfi ta wuce. Haka ta kai wa Inna kwanon, suka gaisa, ta ajiye shi ta tafi ko ruwa ba ta sha ba.

Inna ba ta yi masa faɗa ba, wannan ya fi ci masa rai. Washegari ta wanke kwanon, ta cika shi da gari har yana danna murfi, ta ce shi zai kai, ba ta aiken kowa.

A mashigar Sabuwar Unguwa ya tarar da igiya. Ja'afar ne zaune kusa da ita a kan kifaffen kwale-kwale, yayan Khairiyya, wanda ya sha zama gindin ɗorawa yana sauraron darasi.

"Maraba da malaminmu. Ai mu ma mun zaɓi ƙasa, mu ne Sin," ya ce yana dariya.

Ya bayyana masa cewa duk hatsi ko garin da zai shigo sai an ɗebi mudu. Mujitaba ya ce a hankali saƙon Inna ne zuwa ga Iya, kuma duka-duka garin bai wuce mudun ba. Ja'afar ya daina dariya, ya tambaye shi a wace ƙasa ya karanta ana togaciya. Mujitaba ya juye garin da hannunsa a buhunsu.

Ya shiga gidan Hasiya da kwano marar nauyi, yana jin kamar dutse ya ɗauko. Khairiyya ce ta shimfiɗa masa tabarma, ba ta dube shi ba, ta koma ɗaki. Hasiya ta buɗe kwanon, ta daɗe tana kallon ɗan farin garin da ya maƙale a gefe.

"Ranar da muka iso nan babu ko tukunya, kakarka ce ta aiko mana tuwo a cikinsa," ta ce. "Zai zauna a wurina har a kwance igiya. Su baffanninka ma su dakata tukuna."

Ya tashi ya koma gida babu kwano.

Ya je wa matasan ƙauyensu da maganar kwance igiya, suka ƙi. Wai sai masunta sun fara kwance tasu, ai shi ya koya musu cewa wanda ya fara sassautawa shi ya faɗi. Babu wata magana da suka jefe shi da ita wadda ba daga bakinsa ta fito ba.

Ranar kasuwa da safe, mutane sun cika, ya je ya durƙusa a gindin turken da aka ɗaura igiyar ya fara kwance ƙullin. Ya yi tauri, sai da ya sa haƙori. Tasi'u ya ja gefe. Wani ya ɗaga murya ya ce Sin ta koma Birtaniya, kasuwa ta ɗauki dariya, har da mata masu ƙosai. Bai ɗago ba. Ya naɗe igiyar a kafaɗa, ya taka har Sabuwar Unguwa, ya ajiye ta a gaban Ja'afar, bai nemi komai ba. Ja'afar ya dubi igiyar, ya dube shi, sannan ya tashi ya nufi tasu.

Kasuwa ta zagayo, kwanon ya dawo da tarwaɗa a ciki, kuma Hasiya ta gaya wa Inna baffanni na iya zuwa. Mujitaba yana zaure ya ji, ya rufe fuska da hannu biyu. Da ta fito ya bi ta don ya raka ta, sai ya ga ba ta nufi kasuwa ba. Ta bi ta bayan gari, ta cikin gonakin dawa, hanya mai nisa da ƙaya. Turken yana nan babu igiya, amma ta daina bi ta wurin. Ya karɓi kwanon garin daga hannunta ya bi bayanta, ba ta hana shi ba.