Inabin Ranar Tasu'a

Hamdatu ta zaro kwalbar malta daga jakar gwaggonta, ta ɗaga ta sama a tsakiyar tashar bas ta Port Authority da ke Manhattan kamar wadda ta kama ɓarawo.

"Gwaggo, wannan fa? Ba ruwa kaɗai muka ce ba?"

"Ta yamma ce, 'yata," in ji Gwaggo Muniratu. "Bar min abina."

"Babu ta safe, babu ta yamma. Mai ciwon suga da malta?"

Ta sake lalube, ta ci karo da ƙullin dabino. Ta haɗa su biyun ta miƙa wa wani mutum da ke zaune a bakin ƙofa cikin bargo. Gwaggo ta bi dabinon da kallo. Firdausi, mutuniyar Maraɗi mai sayar da gyale da turare a Fordham Road, ta rungume jakarta tana dariya.

"Madam Likita, ni dai babu kome cikin tawa. Kada ki tozarta ni gaban Turawa."

Hamdatu ba ta yi dariya ba. Shekararta ta ƙarshe ke nan a karatun nas, kuma a asibitin da take koyon aiki a unguwar Bronx ta ga an yanke ƙafar mata uku saboda ciwon suga cikin wata guda, biyu daga ciki suna jin Hausa. Wata uku tana yi wa matan masallacinsu na Morrisania magana ɗaya: ku tashi ku taka ƙasa. Su kuwa sai su ce lafiya ta Allah ce, su ƙara cokalin shinkafa. Ta nemo hanyar da ko tsohuwa za ta iya bi, tsohon layin dogo ne da aka share a kwarin kogin Hudson, mil uku babu hawa babu gangara, bas kuma yana sauke mutum kusa da bakinta. Mata goma sha tara suka rubuta sunansu a WhatsApp. Yau Asabar, biyu suka zo.

Kafin bas ya fita daga birni ta riga ta aika musu saƙo: da walima ce, da tun asuba kuna nan. Babu wadda ta amsa.

Bayan awa biyu suka sauka a wani ɗan gari mai titi ɗaya. Hanyar ta shiga tsakanin itatuwa da ganyensu ya fara ja, sannan ta buɗe. Hagu da dama gonakin inabi ne a jere kan waya, 'ya'yan sun yi baƙi sun rataya. Can kan tudu ga wani jan gida, motoci a gabansa, mutane a tsaye da kofunan gilashi masu dogon wuya.

Gwaggo ta ja ta tsaya. "Wancan gidan mene ne?"

"Inda suke matse inabin ne."

"Gidan giya dai. Hamdatu, nan kika kawo mu?"

"Hanya ce ta gwamnati, Gwaggo, wucewa kawai za mu yi. A Fordham shagon giya nawa kike wucewa kafin ki kai masallaci?"

Gwaggo ta ja gyalenta ta kare gefen fuskarta, ta ci gaba da tafiya. Hamdatu tana gaba, tana duba agogo, tana lissafin bas ɗin komawa na ƙarfe huɗu da rabi. Sau biyu ta ce su sha ruwa, duk biyun suka ce sai an jima. Ba ta kawo komai a ranta ba.

Sun wuce jan gidan da kamar minti goma Firdausi ta kira ta, muryarta babu wasa a ciki. Gwaggo tana zaune a kan wani kututture. Gumi yana zuba daga goshinta alhali iska mai sanyi ake yi. Hannuwanta suna rawa a kan gwiwa.

Hamdatu ta durƙusa. "Gwaggo, me kika ci da safe?"

"Na ci... da dare-dare na ci. Na sha maganina."

Maganar tana fita a hankali, tana tauna harshe. Hamdatu ta san wannan. Ta gan shi a gadon asibiti, ta rubuta shi a jarrabawa. Suga ne ya faɗi. Ta juya ga Firdausi.

"Wane dare-dare?"

Firdausi ta sunkuyar da kai. "Sahur. Yau Tasu'a, Hamdatu. Gobe Ashura. Duka matan azumi suke, shi ya sa ba su zo ba. Hajiya Muniratu ta ce in babu wadda ta zo za ki ji kunya, sai muka taho."

Kafin yau Hamdatu ta duba jadawalin bas, ta duba hasashen ruwan sama, ta duba tsawon hanya har sau uku. Watan Musulunci ne kaɗai ba ta duba ba. Ta zazzage jakarta a ƙasa: ruwa, filasta, taswira, sallaya. Ƙwayoyin ɗaga suga suna cikin jakar aikinta a gida. Dabinon buɗa-baki yana hannun mai bargo a Manhattan. Ta ɗaga waya, babu sabis.

"Firdausi, riƙe ta, kada ki bari ta kwanta, ki yi ta mata magana."

Ta kwasa da gudu ta koma baya. Ta haura tudun, ta tura ƙofar jan gidan. Warin wurin ya daki hancinta. Hira ta tsaya, idanu suka juyo kan hijabinta. Ta nufi matar da ke bayan kanta, wata mai furfura, ta faɗa mata da Turanci cewa tsohuwarta mai ciwon suga ce, tana shirin suma a kan hanya. Matar ta buɗe firji ta ɗauko kwalba, ta ce ruwan inabi ne zalla wanda suke ba yara, ta haɗa da burodi, ta ɗaga wayar kanta ta kira motar asibiti. Sai dai ta ce daga garin da motar take zuwa nan, minti ashirin da biyar ne.

Da Hamdatu ta dawo, kan Gwaggo yana kafaɗar Firdausi. Ta buɗe kwalbar ta kai bakin tsohuwar. Gwaggo ta buɗe ido, ta ga doguwar kwalba mai duhu da hoton jan gidan a jikinta, ta datse haƙora.

"Ba giya ba ce, Gwaggo, wallahi ruwan inabi ne. Karanta ki gani."

Gwaggo ta kawar da kai. "Ina azumi."

"Nafila ce. Nafila ce, Gwaggo. Wane malami ya ce ki kashe kanki? Irin wannan taurin kan ne yake kai ku asibiti, ana faɗa muku kuna..."

"Hamdatu," in ji Firdausi a hankali. "Ya isa."

Ta jingina Gwaggo a jikin Hamdatu, ta miƙe ta nufi shingen gonar. Wani ma'aikaci mai hular kaba da almakashi a hannu ya daɗe yana kallonsu daga cikin jerin inabin. Firdausi ta nuna masa tsohuwar, ta nuna inabin, ta buɗe tafin hannunta. Ya datse nonon inabi biyu manya ya miƙo ta saman waya.

Ta dawo ta zauna a ƙasa gaban Gwaggo, ta ɗauraye 'ya'yan da ruwan gora.

"Hajiya, dubi nan. Wannan daga reshe ya fito, mai gona ne ya ba mu da hannunsa, bai ga tukunya ba balle kwalba. Ni ma azumi nike, kin sani." Ta tsinki ƙwaya ɗaya. "Bismillahi."

Ta jefa a baki ta tauna, ta haɗiye yadda Gwaggo za ta gani.

"To, nawa ya tafi. In laifi ne, mu biyu za a tambaya. In kin ƙi kuwa, ni kaɗai kika bari."

Gwaggo ta daɗe tana kallonta. Hamdatu tana jin bugun zuciyar tsohuwar a hannunta, da sauri, ba ƙarfi. Sannan leɓɓan suka motsa da bisimilla, bakin ya buɗe. Ɗaya, biyu, goma. Firdausi tana tsinka tana ba ta, tana cin ɗaya tsakani. Kafin nono na biyu ya ƙare rawar hannun ta ragu. Gwaggo ta tofar da ƙwallo, ta ce wannan inabin ya cika 'ya'ya, na kasuwa ya fi shi. Hamdatu ta juya baya ta goge fuskarta da gefen hijabi.

Ma'aikatan motar asibiti suka iso, suka huda yatsa, suka ce sugan ya hau, amma ta ci burodin. Ta ci. Kwalbar dai ba ta taɓa ba. Hamdatu ta mayar wa matar da abinta, ta yi godiya. Mai hular kaba ya kai su tasha a bayan motar gona, tsakanin akwatunan inabi, Gwaggo tana ta kare fuska da gyale, Firdausi tana rantsuwa cewa in wani ya ɗauki hotonsu haka sai dai su koma wani masallacin.

Da bas ya hau babban titi, Hamdatu ta buɗe WhatsApp, ta ga saƙonta na safe yana nan, duk sun karanta. Ta goge shi, duk da ta san aikin gama ya gama.

"Gwaggo, ki yafe min dabinonki."

"Ya sami mai ci." Gwaggo ba ta buɗe ido ba. "Hanyar ba laifi. Ƙafata ma ta saki. Amma wani karon ki tambayi manya kafin ki sa rana."

Hamdatu ta zaro jadawalin bas daga aljihu, ta juya bayansa inda babu rubutu, ta ɗora a kan gwiwa, ta cire murfin biro.

"To faɗa min. Bayan Ashura, wane azumi ne a gaba?"